Daren da na koyi ƙirga numfashin 'yata

Ranar Litinin babban yaron ya dawo daga makaranta hanci na zuba. Shekararsa huɗu, kuma tunda ya fara zuwa makaranta da wuya wata ya fita bai kwaso mura ba, don haka ban ɗauki abin da zafi ba. Na share masa hanci, ya koma tsalle-tsallensa. Da yamma na tarar ya haye gado ya kifa fuskarsa a kan ta ƙanwarsa, yana hura mata iska a kumatu tana ɓangale baki. Watanta huɗu a lokacin. Abin ya ba ni sha'awa har na ɗauke su hoto.

Ranar Juma'a ta fara atishawa. Asabar hanci ya toshe, ga ɗan tari jefi-jefi. Na ɗauko ma'aunin zafin jiki na ajiye a gefen gado, kuma tun daga lokacin shi na zuba wa ido. A sanina na da, zafin jiki shi ne mizanin ciwo: in ya hau, ciwo ya yi tsanani, in ya sauka, an samu sauƙi. Duk sanda na auna sai in ga 37.6, ko 37.8, sai in ce alhamdulillahi, murar yayanta ce ta taɓa ta, za ta wuce.

Daren Lahadi ne abin ya canza. Ina ba ta nono sai ta kama, ta ja sau biyu ko uku, ta saki tana haki, ta yi wani ɗan kuka mara ƙarfi, ta sake kamawa, ta sake saki. Yunwa take ji, ga nonon a bakinta, amma ta kasa haɗa tsotso da numfashi. Na sake aunawa: 37.9. Ma'auni na cewa ba komai, zuciyata na cewa da komai. Wajen ƙarfe sha ɗaya na kira yayata, wadda ta daɗe tana aikin jinya a ɗakin yara.

"Yaya, ba wani zazzabi fa, bai ma kai 38 ba."

"Ajiye ma'aunin nan tukuna. Tana kuka yanzu?"

"Ta yi shiru."

"To yanzu ne daidai. Kunna fitila, ki ɗage mata riga har wuya. Ki duba agogon wayarki, minti ɗaya cif. Tashin ciki da saukarsa, ɗaya ke nan. Kar ki ƙirga rabin minti ki ninka, numfashin jarirai ba ya tafiya a jere, sai su yi sauri su ɗan dakata."

Na kwantar da ita a cinyata. Ban taɓa kallon cikin 'yata irin kallon da na yi masa a daren nan ba. Ɗan tulun cikin nan yana tashi yana sauka da sauri, har ƙidayar ta kuɓuce mini a wajen talatin, na koma farko. Na samu 54. Yaya ta ce in sake. Na samu 56.

"Yanzu dubi ƙasan haƙarƙarinta. In ta ja numfashi, wurin fitowa yake yi ko lotsawa?"

Lotsawa yake yi. Duk jan numfashi sai fatar da ke ƙarƙashin haƙarƙarin ta shige ciki, kamar an sa yatsa an danna. Ƙofofin hancinta kuma suna buɗewa suna rufewa. Tun yaushe haka ke faruwa a ƙarƙashin riga da zanin da na lulluɓe ta da su, Allah kaɗai ya sani.

"Tashi Abban yara ku tafi asibiti. Ba sai gari ya waye ba."

Alƙaluman da Yaya ta yi aiki da su ba nata ba ne, na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, waɗanda ake koya wa ma'aikatan lafiya don gane yaron da numfashinsa ya yi sauri fiye da ƙima. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 a minti ko fiye. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Sharaɗin kawai yaron ya kasance a natse, domin mai kuka ko wanda ya gama guje-guje dole numfashinsa ya hau. Na haifi yara biyu, na sha zuwa awo da rigakafi, amma sai a daren nan na fara jin waɗannan lambobi uku, kuma har yau ina jin zafin hakan. Abu ne da ba ya bukatar na'ura ko kuɗi, ido ne da agogo.

A asibiti aka naɗa mata wani ɗan abu mai jan haske a tafin ƙafa don auna iskar oksijin a jininta. Yana yawo tsakanin 94 da 95. Likitan ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, gaba da baya, hagu da dama. Aka ɗauki majina daga hancinta aka gwada, sakamakon ya nuna wata ƙwayar bairos da ake kira RSV. Ban taɓa jin sunan ba. Ya juya bayan takarda ya zana mini bishiya a kife: gangar ita ce maƙogwaro, rassan suna ta rabuwa suna ƙara sirancewa har can cikin huhu. Ya ce a jikin babba ko yaron da ya tasa, ƙwayar takan tsaya a hanci da maƙogwaro, a yi mura a warke. A jikin jariri kuwa takan gangara zuwa waɗannan ƙananan rassan na ƙarshe, su kumbura, majina ta cika su. Da ma sirara ne kamar zare, don haka kumburi kaɗan ya isa ya sa numfashi ya zama aiki. Shi ya sa ciwon da yayanta ya yi wasa da shi ya kai ta ga haki. Ya ƙara da cewa kusan kowane yaro yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara biyu, kuma mafi yawansu a gida suke warkewa.

Suka riƙe mu har asuba suna kallon yadda take shan nono bayan an share mata hanci. Da suka ga tana sha daidai gwargwado kuma iskar ba ta sauka ba, aka ce mu tafi gida. Na miƙa hannu ina jiran takardar magani, sai na ga ba komai a kai sai ruwan gishirin ɗigawa a hanci da farasitamol.

"Likita, ba za a ba ta antibayotik ba? Kana ganin yadda take numfashi fa."

Raina ya ɓaci sosai a lokacin, gani nake an raina ciwon 'yata. Ya yi haƙuri da ni. Ya ce antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos, in ya ba ta sai dai ya ƙara mata gudawa a kan abin da take ciki. Amma ya faɗi wata magana da na riƙe: saurin numfashin nan da na gani yana iya zama limoniya ta bakteriya, wadda ita kam dole sai da antibayotik, kuma ba a iya bambance su daga kan gado a gida. Aikina in gane numfashi ya canza in kawo ta. Aikinsa ya gane wanne ne. Sannan ya gargaɗe ni cewa wannan ciwo yakan kai ƙololuwarsa tsakanin kwana na uku da na biyar, mu kuma a na uku muke, don haka kada in yi mamaki in ta ƙara jigata kafin ta fara samun sauƙi.

Kwana uku da suka biyo baya, jinyar duk a kan hanci da nono ta ƙare. Ƙananan jarirai ta hanci suka fi yin numfashi, shi ya sa toshewar da babba zai yi tsaki kawai ya wuce, su takan hana su ci. Kafin kowane shan nono sai in kwantar da ita, in ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan gishirin a kowace ƙofar hanci, in ɗan jira majinar ta yi laushi, sannan in zuƙe da 'yar robar nan mai kama da kwan fitila. Ta tsani abin, tana wutsil-wutsil tana ture hannuna, amma da na gama sai ta kama nono ta ja sau goma, sha biyar, ba tare da ta saki ba. Yaya ta ce kada in mayar da zuƙar sana'a, yawanta na sa cikin hanci ya ƙara kumbura, in bar shi sai lokacin ci da lokacin barci. Na daina jiran ta sha ta ƙoshi a zama ɗaya. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai, wani lokaci duk bayan awa ɗaya, dare da rana.

Na samu wani tsohon littafin rubutu na yaron na ja layi uku: lokaci, numfashi, kunzugu. Ƙirgar kunzugu ita ce hanyar sanin ko ruwa yana isar jikinta. Likita ya ce in ta yi awa 12 kunzugu a bushe, ko shan nononta ya koma ƙasa da rabin abin da ta saba, mu dawo. Haka in lotsawar ƙirjin ta ƙaru, ko ta fara nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko numfashin ya riƙa ɗaukewa fiye da daƙiƙa goma, ko ta yi laushi ta ƙi farkawa, ko ta yi jijjiga, waɗannan ba na jira ba ne ko da tsakar dare ne. Littafin ya taimake ni fiye da yadda na zata. Mai jinyar da ba ta yi barci ba, ƙarfe uku na dare komai gani take ya lalace. Sai in duba shafin in ga 52, 50, 53, 51, in san cewa ba ta sauka ba amma ba ta hau ba.

Zazzabin ya ɗan taɓa 38.3 a kwana na huɗu, na ba ta farasitamol da sirinjin da ke cikin kwalin, gwargwadon nauyinta kamar yadda likita ya rubuta. Ana lissafa shi ne da kilo, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, ba a wuce sau huɗu a awa 24. Da a ce ba ta kai wata uku ba, zafin 38 kaɗai ya isa a koma asibiti. Kuma a inda ake fama da zazzabin cizon sauro, kasancewar yaro na mura ba ya hana a gwada jininsa in jikinsa ya yi zafi, don ciwo biyu na iya haɗuwa.

Sau da yawa na so in sa mata matashi in ɗaga kanta, don in na riƙe ta a kafaɗa numfashin ya fi sauƙi. Yaya ta hana. Idonta biyu, in riƙe ta a tsaye yadda nake so. In barci za ta yi, rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Ta kuma hana ni kawo kwanon tafasasshen ruwa kusa da ita don ta shaƙi tururi, ta ce ta ga yaran da aka kawo da ƙuna saboda haka, kuma amfanin bai taka kara ya karya ba. Hayaƙi kowane iri, na taba ne ko na wuta, aka nisanta shi da ɗakin.

Surukata tana zaune tare da mu. Da ta ji tarin nan na jikarta yana fita kamar zai tsaga ɗan ƙirjin, sai ta zo bakin ƙofa ta ce, "'Yar nan, ko a ɗan lasa mata zuma?" Don ƙauna ta faɗa, kuma ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, zuma tana sassauta tari. Na ce, "Hajiya, sai dai a ba yayanta, ita an ce sai ta cika shekara." A cikin zuma akan samu wasu ƙwayoyi da hanjin babba ke iya murƙushewa, na jariri kuwa ba ya iyawa, sai su fitar da guba mai kashe jiki, ciwon da ake kira botulizim. Hajiya ta ce ba ta taɓa ji ba, ta juya ta ba yaron cokali ɗaya. Akwai kuma ragowar maganin tari na ruwa a cikin kabad, shi ma ban taɓa shi ba, don ba a ba ƙananan yara irinsa. Asfirin kuwa ko yaron da ya tasa ba a ba shi lokacin mura, saboda wata cuta mai suna Reye da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Raba Hajiya da jikarta shi ne abin da ya fi mini wuya a cikin tsarin gidan. Ta haura saba'in, tana da ciwon zuciya, kuma RSV bayan jarirai tsofaffi irinta ta fi kayarwa. Mai ɗauke da ita yakan yi kwana uku zuwa takwas yana yaɗawa, jarirai kuma su fi haka daɗewa. Tana bin tari da atishawa, tana kuma iya yin awoyi a raye a kan mariƙin ƙofa, kofi, ko kayan wasa, ta jira hannun da zai taɓa ya kai ido ko hanci. Matar da ba ta wuni ba ta goya yarinyar ba, sai ga ta tana leƙe daga bakin ƙofa tana cewa, "Ya jikin amaryar tawa?" Muka ware mata kofinta da tawul ɗinta, muka bar tagogi a buɗe iska na ratsawa, kowa ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya taɓa yarinyar da bayan ya taɓa ta. Abban yara ya kamu a kwana na biyar, shi dai ɗan majina ne da kaikayin maƙogwaro, ya sa takunkumi duk sanda zai shiga wurin mahaifiyarsa. Masu son zuwa dubiya na ba su haƙuri ta waya. Wasu sun ji ba daɗi, na sani. Hajiya ba ta kamu ba.

Wata rana ina wanke robar zuƙe majina, yaron ya zo ya tsaya a bayana ya ce, "Umma, ni na sa mata ciwo?" Ashe yana jin duk abin da ake faɗa. Na durƙusa na ce masa mura ce ta bi ta jikinsa ta wuce, kamar yadda take bi ta jikin kowa, ba shi ya kira ta ba. Muka yi yarjejeniya: in yana mura, ƙafarta zai riƙa sumbata, fuska sai ya warke, tari kuma a cikin gwiwar hannu. Ya riƙe wannan doka fiye da manyan gidan.

Akwai abin da nake so masu fata irin tamu su sani. Takardun bayani da yawa suna cewa a kula in yaro ya koma shuɗi. 'Yata baƙa ce, ina zan ga shuɗi a kumatunta? Yaya ce ta ce in riƙa jan leɓenta na ƙasa in duba ciki, da harshe da dasashi. Lafiyayyen wuri ja-ja ne mai jini. In ya koma toka-toka ko ya dushe, iska ta yi ƙaranci, a ruga. Ita ma na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ba a sakar mata ragama gaba ɗaya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka, aka wallafa a 2020, ya gano cewa a kan baƙar fata na'urar ta fi nuna iska ta isa alhali ba ta isa ba, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata, kuma a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a kan iyakar ingancin irin waɗannan na'urori. Ga shi kuma wadda aka yi don yatsan babba ba ta zama daidai a na jariri. In lamba ta ce lafiya, ƙirji kuma yana lotsawa, ƙirjin za a bi.

A dararen da nake zaune riƙe da ita na yi ta karatu a waya. A 1956 aka fara gano ƙwayar, a jikin wasu birai masu mura a wani ɗakin bincike a Amurka, shekara ɗaya bayan haka wani likita mai suna Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai masu ciwon huhu. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai ta kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 3.6 a asibiti, ta kashe fiye da 100,000, kuma kusan dukkan mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka faru. Na daɗe ina kallon wannan adadi da yarinya a ƙirjina. Ƙwayar ɗaya ce a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne ko an gane da wuri, ko akwai hanyar kai yaron, ko an tarar da iskar oksijin in an je. Sai a 2023 aka amince da allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki a watannin ƙarshe don kariyar ta ratsa zuwa jariri, da wadda ake yi wa tsofaffi, ga kuma wata allura mai suna nirsevimab da ake yi wa jaririn kansa sau ɗaya ta kare shi tsawon watanni. Ba ko'ina suka isa ba tukuna. Duk mai ciki da ta karanta wannan, musamman wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ta tambaya a wurin awo ko akwai.

Mutane sukan tambaye ni yadda za su bambance RSV da mura mai tsanani ta infuluwenza, ko korona. A gida ba za ka iya tabbatarwa ba, sai da gwaji. Infuluwenza dai takan faɗo wa mutum farat ɗaya, da safe lafiya lau, da rana zazzabi da ciwon jiki sun kwantar da shi, kuma tana da magani, oseltamivir, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko, don haka tsoho, mai ciki, ko mai asma da ya ji irin wannan kada ya tsaya jira. Amma ko wacce ce a cikinsu, abin dubawa a gida bai canza ba: yadda ake numfashi, yadda ake shan ruwa, da ko mutum yana cikin hayyacinsa.

A kwana na shida lambobin suka fara sauka, 48, 45, 44. A na takwas da asuba ta kama nono ta sha, ta sha, ba ta saki ba har ta ƙoshi, barci ya ɗauke ta da ɗigon nono a gefen baki. Tarin kam ya bi ta har mako uku, kamar yadda aka faɗa mini zai yi. Da muka cika kwana goma na kai ta ɗakin Hajiya na ɗora mata ita a cinya. Hajiya ta daɗe tana shafa kanta ba ta ce komai ba, can sai ta ɗage mata riga ta ce, "Zo ki nuna mini yadda ake ƙirgawar nan." Na sa agogo, muka ƙirga tare. Ta samu 38, na samu 37.